Yadda ake warware wasan crossword mai jigo na kullum, da labaran da ke bayan amsoshin

Mutane da yawa in sun buɗe crossword na ranar, wato wasan cike gidaje da haruffan amsoshin tambayoyi, sai su karanta tambaya ta 1, ba su san amsa ba, su karanta ta 2 ita ma shiru, shikenan sai su rufe su ce ai wannan sai wanda ya haddace ƙamus. Wallahi ba haka abin yake ba. Wasan yana da ƙa'idojinsa, kuma wanda ya tsara shi yana son ka gama ne, shi ya sa yake bar maka ƙofofi a ko'ina, kai dai ka san inda suke. Yawancin waɗanda ake samu a jarida da waya da Turanci suke, don haka misalan da zan kawo na Turanci ne, amma dabarar ɗaya ce ko da wane harshe aka yi shi.

Fara sanin allon kafin ka taɓa komai

Allon gidaje ne farare da baƙaƙe. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ɗauka, baƙin gida kuma shi ne iyaka inda kalma take tsayawa. Tambayoyin kashi biyu ne, na kwance waɗanda aka rubuta Across a kansu, da na tsaye masu Down. In amsa kalma biyu ce ko uku haɗe su ake yi babu tazara, wannan kaɗai yana rikita sabon shiga sosai, ka ga haruffa sun jeru kamar ba Turanci ba alhali kalmomi biyu ne suka manne.

A tsarin Amurka, wanda jaridar New York Times ta kafa masa ƙa'ida tun da ta fara buga nata a 1942 a ƙarƙashin edita Margaret Farrar, allon ranakun mako gida 15 ne a kwance 15 a tsaye, na Lahadi kuma 21 da 21. Babu amsar da ta gaza harafi 3. Sannan abin da ya fi komai amfani gare ka, kowane farin gida yana cikin kalma biyu, ɗaya ta kwance ɗaya ta tsaye, kamar dai saƙar tabarma. Ma'ana duk harafin da ka rasa ta nan kana da wata hanyar samunsa ta can. Akwai kuma wata ƙa'ida, in ka juya allon ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gidajen suna nan a wuraren da suke. Riƙe wannan, za mu dawo kansa a wajen jigo.

Ka kuma duba wace rana ce. A New York Times da masu bin sawunta Litinin ce mafi sauƙi, abin yana ta tsauri har Asabar. Alhamis ranar dabaru ce, wani lokaci har a cusa haruffa biyu ko kalma sukutum a gida ɗaya. Juma'a da Asabar galibi ba su da jigo. Lahadi girma ne kawai ya yi mata yawa, wuyarta ba ta kai ta Asabar ba. In yanzu ka fara, zauna a Litinin da Talata tukuna, ko ƙaramin nan mai gida 5 da 5.

Mataki na 1: karanta jigon, ka ɗan zauna da shi

Manhajojin waya masu jigon kullum sukan rubuta shi ɓaro-ɓaro a sama, yau wasanni, gobe tarihi, jibi kimiyya. Kafin ka rubuta harafi ko ɗaya, tsaya ka jero a ranka duk gajerun kalmomin da suka shafi wannan fanni. A ce jigon yau sararin samaniya ne. To me zai iya fitowa? NASA, MARS, MOON, ORBIT, COMET, APOLLO, STAR. Da ka yi wannan kwakwalwarka ta riga ta karkata can, in ka ga gida 5 mai farawa da O ba sai ka yi dogon tunani ba.

A jarida kuwa sau da yawa ba a faɗa maka jigon, kai za ka gano shi, kuma a nan daɗin yake.

Mataki na 2: zagaye na farko, tsince na banza

Bi tambayoyin duka daga farko har ƙarshe da sauri, wanda ka sani tabbas ka rubuta, wanda ba ka sani ba ka wuce, kada ka tsaya kokawa da kowa. Waɗanda suka fi saurin faɗuwa su ne masu layin cike gurbi, irin "Sri ___" wanda ba abin da zai zama sai LANKA, ko "___ Vegas" wato LAS. Sai sunayen da ka sani, manyan birane, 'yan ƙwallo, shugabanni.

Ko amsa shida kacal ka samu a wannan zagayen ba laifi. Kowace ɗaya ta ba ka haruffan kalmomi uku ko huɗu ko biyar da suka gitta ta.

Mataki na 3: koyi karanta tambayar, don ita kanta tana satar maka amsa

Wannan shi ne wurin da gwani yake barin sabon shiga a baya, ba wai ya fi shi sani ba ne, ya dai iya karatun tambaya. Ƙa'idar ita ce tambaya da amsa dole su yi daidai a siga. In tambayar jam'i ce amsar ma jam'i ce, don haka kana iya sa S a gidan ƙarshe da fensir tun kafin ka san kalmar, galibi zai zauna, duk da akwai irin su MEN da DATA da za su ƙi. In tambayar aikin da ya wuce ne, sa ran ED a ƙarshe. In kwatanci ne na wannan ya fi wancan, ER ko EST.

In ka ga an gajarta wata kalma a cikin tambayar, ko an rubuta Abbr., amsar ma a gajarce take. "Org." na nufin sunan wata ƙungiya a taƙaice, kuma masu yawan zuwa ba su da yawa: NATO da aka kafa a 1949, OPEC ta ƙasashe masu arzikin man fetur da aka kafa a Bagadaza a 1960, FIFA da aka kafa a Paris a 1904, WHO ta lafiya ta 1948. Duba, uku daga cikinsu harafi 4 ne, kenan shekarar ko birnin da aka ambata a tambayar shi zai raba maka gardama.

In an ambaci wata ƙasa ko birni a gefen tambayar, amsar da harshen can take. "Friend, in France" AMI ne, in gida 4 ne AMIE. Akwai wani tarko da nake so ƙwarai, "Nice summer". Kai ka karanta za ka zaci ana nufin bazara mai daɗi, ashe Nice birni ne a kudancin Faransa, amsar ita ce ETE, lokacin zafi da Faransanci. Dabarar ita ce kowace tambaya da babban harafi take farawa, sai mai tsarawa ya ɓoye sunan gari ko ƙasa a wannan wurin. Haka suke yi da Turkey da Polish da March. Duk lokacin da kalmar farko take iya zama suna, ka yi mata kallo biyu.

Alamar tambaya a ƙarshe kuma gargaɗi ne cewa ana wasa da kai. "Bank deposit?" ba maganar ajiyar kuɗi ba ce, gaɓar kogi ake nufi, amsar SILT, wato laka da yashin da ruwa yake tarawa a bakin kogi. In tambayar tana cikin alamar zance, amsar wata magana ce da mutum zai furta mai ma'ana iri ɗaya. Kuma kalmar da ke cikin tambaya ba ta dawowa a amsa, in ka ga taka ta maimaita to ba ita ba ce.

Wani ɗan ƙaramin abu mai ceto: tambayar shiyya, irin daga Paris zuwa Berlin wane ɓangare aka nufa, gida 3. Amsoshin da za su yiwu takwas ne kawai, harafin tsakiya N ne (arewa) ko S (kudu), na ƙarshe E ne (gabas) ko W (yamma). Berlin tana gabas da Paris ta ɗan haura arewa, ENE kenan. Ko ba ka da taswira a ka, in ka san gabas aka nufa ka samu E ɗin ƙarshe kyauta.

Mataki na 4: yi gini daga inda kake da ƙarfi

Kada ka yi ta tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inda ka samu amsa biyu ko uku kusa da juna, zauna a nan ka bi duk waɗanda suka gitta su. Fara da gidan da ke da harafi mai wuya, J, Q, X, Z, K, don kalmomin da za su ɗauke su kaɗan ne. Sanin cewa akwai E a cikin kalma bai rage maka komai ba, amma Z a gida na uku ya kusa faɗa maka amsar.

Bari mu ɗauki jigon sararin samaniyar nan mu gani kusa-kusa. Tambaya ta ce sunan farko na wani ɗan sama jannati, gida 4. Nan fa ake yin ta, domin YURI harafi 4 ne, ALAN 4, JOHN 4, NEIL 4, BUZZ 4. Wanda ya san labarin ba ya ruɗewa. Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet shi ne mutum na farko da ya je sararin samaniya, ranar 12 ga Afrilu 1961. Alan Shepard shi ne Ba'amurke na farko, a watan Mayu na shekarar, amma hawa ya yi ya sauko bai zagaya duniya ba. John Glenn shi ne Ba'amurken da ya fara zagaya ta, a Fabrairu 1962. Neil Armstrong da Buzz Aldrin su ne suka taka wata a Yuli 1969 a tafiyar Apollo 11, Neil ne ya fara sauka. To ka ga in tambayar ta ce na farko a Amurka, sai ka duba ta ce zuwa ne ko zagayawa, kalma ɗaya ce ta raba ALAN da JOHN. In kuma ba ka tuna ba, amsar da ta gitta gidan farko ta gama maganar, Y ko A ko J ko N ko B, babu biyu da suka yi tarayya. A irin wannan jigon LAIKA ma takan leƙo, karyar nan da Sobiyet ta harba a Sputnik 2 a Nuwamba 1957, wata ɗaya bayan Sputnik na farko.

Akwai tagwayen amsoshi da ba a yanke musu hukunci sai an ga mai gittawa. IRAN da IRAQ, rubuta IRA ka bar na ƙarshe. ARAL da URAL. TSAR da CZAR, sarkin Rasha na da, rubuta AR a ƙarshe ka jira. SLOVAKIA da SLOVENIA duka harafi 8. "Mauna ___" na Hawaii ko KEA ko LOA, abin da ka tabbatar A ce kawai. In an ce wanda ya fi tsayi KEA ne, mita sama da 4,200, in an ce wanda ya yi aman wuta a 2022 LOA ne.

Mataki na 5: kamo jigon ta dogayen amsoshi

Yanzu dawo kan maganar juya allo. Amsoshin jigo su ne mafiya tsayi a kwance, kuma saboda waccan ƙa'idar bibbiyu suke zuwa. In akwai doguwa a layi na 3 daga hagu, abokiyarta tana layi na 13 daga dama, tsayinsu ɗaya. Kenan tun kafin ka warware su ka san inda suke.

Da ka samu biyu daga ciki, tsaya ka tambayi kanka me ya haɗa su. Wani lokaci kalmar farko ce, wani lokaci ta ƙarshe, wani lokaci kuma an ɓoye wata kalma ne a tsakiya inda kalmomi biyu suka haɗu. Misali ka samu GRAMMARSCHOOL da HEARTHEALTH, makaranta da lafiyar zuciya, me ya gama su? Duba mahaɗar. A ta farko akwai MARS, a ta biyu akwai EARTH. Ashe duniyoyi aka ɓoye. Daga nan sauran dogayen sun zama rabin aiki, kana neman inda VENUS ko SATURN za su shige, har ka iya cike haruffa biyar a amsar da ba ka ma fahimci tambayarta ba tukuna. Wasu lokutan ana zagaye gidajen da ke ɗauke da ɓoyayyar kalmar don a taimaka maka.

Sau da yawa akwai wata tambaya can ƙasa wadda take cewa ita ce mabuɗin amsa ta kaza da ta kaza. Ni shawarata ka leƙa ta da wuri, ba sai ka iso ta a jere ba. Wasu suna ganin hakan yana rage armashi, ni dai ina ganin ga mai koyo riba ce.

Don ka san iya nisan da masu tsarawa suke zuwa da jigo, ranar zaɓen shugaban Amurka na 5 ga Nuwamba 1996, New York Times ta buga wani na Jeremiah Farrell da ke tambayar babban labarin jaridar gobe, alhali ba a ma gama jefa ƙuri'a ba. Gidaje 7 ne sai ELECTED. Sunayen manyan 'yan takarar biyu, CLINTON ya shiga, BOBDOLE ma ya shiga, kuma duk tambayoyin tsaye bakwai da suka gitta wurin an gina su yadda kowacce take karɓar amsa biyu. Ta farkon baƙar dabba ce ta bikin Halloween, CAT ko BAT, kyanwa ko jemage. Editan da ya buga shi, Will Shortz, wanda ya karɓi aikin a 1993, shi ne kuma ya kafa gasar crossword ta Amurka a 1978.

Mataki na 6: ƙananan kalmomin da ba sa fashi

Mai tsara allo yana bukatar gajerun kalmomi masu wasula da yawa don ya ɗinke dogayen, shi ya sa wasu amsoshi suke dawowa kusan kowane mako. Kana iya haddace su a bushe, amma ba sa zama. In ka san labarin kowacce kuwa, ko ta wace fuska aka juyo tambayar za ka gane ta.

ERIE ɗaya ne daga manyan tafkuna biyar na tsakanin Amurka da Kanada, shi kaɗai ne mai harafi 4, sauran Huron, Ontario, Michigan da Superior. Za a iya tambayarka shi a matsayin tafki, ko birni a Pennsylvania, ko mashigin ruwan da aka haƙa aka buɗe a 1825. ARAL tafki ne tsakanin Kazakhstan da Uzbekistan wanda a da yana cikin mafiya girma a duniya, sai Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, tun daga shekarun 1960 yake janyewa har jiragen kamun kifi suka zauna a kan yashi, don haka da ka ga tambaya kan teku mai ƙafewa ka san shi ne. URAL kuwa duwatsu ne da kogi da ake ɗauka iyakar Turai da Asiya. ETNA dutse ne mai aman wuta a tsibirin Sicily. ELBA tsibirin da aka kai Napoleon gudun hijira a 1814, ya sulale ya koma Faransa a farkon 1815, bayan ya sha kashi a Waterloo aka kai shi Saint Helena inda ya mutu a 1821, kenan in an ce hijirarsa ta farko ELBA ake nufi.

A wasanni ALI ba ya wuya, Muhammad Ali da ya doke George Foreman a Kinshasa a 1974. PELE ya ci kofin duniya sau uku, 1958, 1962 da 1970. ASHE shi ne Arthur Ashe ɗan wasan tanis da ya ci Wimbledon a 1975. EPEE takobin wasa ne, OBOE abin busa, EMU babban tsuntsun Ostareliya da ba ya tashi. Haruffan Girka masu gida 3 su ma ka riƙe su, ETA, RHO, TAU, PHI, CHI, PSI. Sai lambobin Romawa, L 50, C 100, D 500, M 1000.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne duk amsar da ta cika da kanta ta hanyar masu gittawa ba tare da ka san ta ba, kada ka wuce ta haka. Bayan ka gama ka nemi ko mene ne ita, ka karanta ko layi uku ne a kanta. Wannan ɗan karatun shi ne yake mayar da amsar yau ta zama ta banza a mako mai zuwa.

Mataki na 7: in ka maƙale

Abu na farko, zargi abin da ka riga ka rubuta. In kusurwa ta ƙi motsi ƙememe, sau da yawa akwai amsa ɗaya da ka sa wadda ta yi kama da daidai amma ba ita ba ce. Goge wadda ba ka da tabbas da ita sosai ka sake kallon wurin fayau. Shi ya sa fensir ya fi biro, manhajoji da yawa ma suna da alamar fensir da ke rubuta harafi dishi-dishi. Ba sabon abu ba ne wannan, littafin crossword na farko da kamfanin Simon & Schuster ya fitar a 1924 da fensir a maƙale aka sayar da shi, shekara 11 bayan Arthur Wynne ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913.

Na biyu, in saura gida ɗaya, bi haruffa daga A zuwa Z kana furtawa. Na uku, sake karanta tambayar ka canza mata aji, abin da ka ɗauka suna ne ƙila aikatau ne. Na huɗu, ajiye shi ka tafi wata sabga. In ka dawo za ka ga amsar da ta gagare ka ɗazu tana kallonka.

Maganar duba amsa kuma, hawa-hawa ake yinta. Fara da maɓallin da ke nuna maka ko harafinka daidai ne. In bai isa ba, bincika gaskiyar da aka tambaya, wato ka nemi babban birnin ƙasar ko shekarar abin, maimakon ka kwafi tambayar sukutum ka nemo jerin amsoshin ranar, domin can idonka zai faɗa kan sauran duka wasan ya lalace. In dole ce, buɗe harafi ɗaya, a gidan da kalmomi biyu da suka gagare ka suka haɗu.

Ka kuma lura da irin wanda ka ɗauko. Na jaridun Ingila irin The Times, da ta fara nata a 1930, yawancinsu wani salo ne daban da ake kira cryptic, allon yana da baƙaƙen gidaje da yawa, kusan rabin haruffan babu mai gitta su, kuma kowace tambaya rabi ma'ana ce rabi wasan juya haruffa. Za ka gane shi da lambar da ake sakawa a ƙarshen kowace tambaya mai nuna yawan haruffan amsar. Matakan nan na sama za su ɗan taimaka maka a can, amma shi sai an koyi ƙa'idojinsa daban, don haka in ka ci karo da shi a makonninka na farko ajiye shi gefe, koma kan na Litinin har sai kana gama shi ba tare da ka buɗe ko harafi ɗaya ba, sannan ka matsa Talata.